Yadda ake kafa babban madubi a bango ya zauna daram

Dan Allah 'yan jere ku daina rataye madubin amarya da ƙusa guda. Ranar jeren ƙanwata a Ƙofar Ƙaura haka aka yi, sati biyu ba a cika ba ƙusar ta fito da filasta a jikinta, madubin ya tarwatse a gefen gado, Allah ya tsare ba yaro a wajen. Mutane na raina nauyin gilashi, alhali mai kaurin milimita 5, faɗi ƙafa 3 tsawo ƙafa 6, ya kai kilo 20 tun ba a sa mai firam ba.

Fara duba bangon tukun. In na bulo ne toh ka manta da guduma, duka yana farfasa cikin bulon ne kai baka gani, balle irin bulon yanzu da yashi ya fi siminti yawa. Ka nemo injin huda bango, ko aro ne wajen kafinta ko mai wayarin, da fisha (robar da ake cusawa a rami don sukuru ya kama) mai lamba 8 da sukurun da ya kai inci 3, don filasta kaɗai tana cinye kusan rabin inci kuma ba ta riƙe komai. Bakin injin shima lamba 8, in ya fi fishar girma zata riƙa juyawa a ramin. Ka hura ƙurar ta fita, ka tura fishar ta shige duka, sannan ka ɗaura sukurun ka bar ɗan kanshi waje. In kana huda kaji injin ya zurma gaba ɗaya, cikin ramin bulo ka faɗa, matsa gefe kaɗan ka sake har ka samu inda yake cike.

Wuri biyu zaka huda, kada ka yarda da ɗaya, ka sa lebur (ma'aunin daidaito na magina) ko ka auna daga ƙasa da tef su zo daidai. Kuma wallahi ka kiyayi saitin soket da makunnin wuta, sama da ƙasa, nan fayif ɗin waya yake bi. Kafin ka ɗora ka kama sukurun ka ja ƙasa da ƙarfinka, in ya motsa bai yi ba. Ka juya bayan firam ɗin ma ka duba, sau da yawa 'yar igiyar da ake sawa ce ke tsinkewa, musamman manyan firam na Ayatul Kursiyyu da hoton Ka'aba, ka canza ta da ƙugiyar ƙarfe.

Ginin ƙasa kam, irin na cikin gari, fisha ba ta kamawa. Ni shawarata a ajiye madubin bisa durowa ya jingina, a kafa dogon turken ice a bango a ɗaure samanshi da waya, ƙasan kuma a sa ɗan katako ya tokare don kar ya zame.