Yadda za ka kalli Wild River ba tare da saurin yanke hukunci ba

Kafin ka kunna fim ɗin, ka ɗan san tarihin wurin. A 1933 gwamnatin shugaban Amurka Roosevelt ta kafa hukumar TVA don ta shawo kan ambaliyar kogin Tennessee, ta kuma kai lantarki ƙauyukan kudancin Amurka. Madatsar ruwa ta Norris kaɗai, wadda TVA ta gama ginawa a 1936, ta tashi iyalai kusan 3,000, har kaburbura sai da aka tone aka sauya musu wuri. Cikin wannan zamani darakta Elia Kazan ya dasa labarin fim ɗinsa na 1960.

Kada ka tsallake mintunan farko. Hotunan ambaliya ne na gaske, da wani mutum yana faɗin yadda ruwa ya tafi da 'ya'yansa. Ka riƙe fuskarsa a ranka, domin nan gaba tsohuwa Ella Garth za ta janye ka har ka manta dalilin madatsar.

Ella, mai shekara 80, ta ce ba mai raba ta da tsibirinta. TVA ta turo Chuck Glover, wanda Montgomery Clift ya fito a matsayinsa, ya lallashe ta ta tashi kafin ruwan sabuwar madatsa ya shanye tsibirin. Wurin da nake so ka tsayar da fim ɗin ka maimaita shi ne maganar kare. Ta dubi Sam, ɗaya daga cikin baƙaƙen fatar da ke mata noma, ta ce ko yana so ko ba ya so sai ya sayar mata da karensa. Sam ya ce ba ta da wannan hurumin. Abin da take jira ta ji ke nan, a gaban ɗan saƙon gwamnati. Hujja ce mai kaifi, amma ka lura da wanda ta yi misalin da shi: mutumin da cinsa da kwanansa ke hannunta.

Daga nan sai ka bi sawun waɗannan manoma. Da Chuck ya ba su aikin share tsibirin, da albashi daidai da na fararen fata, ga gidaje masu lantarki, sai suka kwashe kayansu suka haye. Manyan gari kuwa suka tayar da jijiyar wuya, har aka kai ga duka. A ganina nan ne naman fim ɗin yake. Mai cewa labarin 'yancin mutum ne da zaluncin hukuma, ka tambaye shi 'yancin wa yake nufi.

Soyayyar Chuck da Carol, jikar tsohuwar, wasu suna ganin ta ja labarin. Ni dai Lee Remick, wadda ta fito a matsayin Carol, ta ishe ni dalilin haƙuri.

Ka sa ido kan Jo Van Fleet, wadda ba ta ko kai 50 ba sa'ad da ta zama Ella. Dubi yadda take nuna wa Chuck dutsen kabarinta kusa da na mijinta, sunanta a rubuce, gurbin ranar mutuwa kawai ya rage.

Sannan ka nemi kwafi mai faɗin allo. Da CinemaScope, wato tsarin hoto mai faɗi, aka ɗauke shi, kuma wanda aka datse gefensa yana cinye rabin kogin. Ka kunna rubutun maganganun da ke fitowa a ƙasan allo ma, domin Turancin mutanen Tennessee na ƙauye sai wanda kunnensa ya saba.