Mai Wi-Fi, ka kashe WPS yau

'Yan uwa, duk mai na'urar Wi-Fi a gida ko shago, ya shiga saitinta ya kashe WPS, wato hanyar haɗa waya da Wi-Fi ta danna maɓalli ko sa wata lamba ba tare da rubuta kalmar sirri ba.

Buɗe burauza ka rubuta 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, galibi adireshin na manne a bayan na'urar. Tsaro kuma ka bar shi kan WPA2 ko WPA3.

Dalilin kashe shi kuwa, lambar WPS guda 8 ce kacal, kuma rabi-rabi ake gwada ta. Gwaji kusan 11,000 ya isa a fasa, kalmar sirrinka ta fita komai tsawonta.

Ni a shagona na Ƙofar Ƙaura, data ta yi ta zurarewa ina zargin yara, ashe ba ruwansu.

Amma fa in da bakinka ka ba maƙwabta kalmar sirrin, kashe WPS ba zai hana su ba. Sai ka canja ta.