Ƙara rauta ta biyu a gida: kurakuran da aka fi yi da gyaransu

Bangon bulo da ƙofar ƙarfe ba sa barin Wi-Fi ya yi nisa. Rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, tana falo, mai ɗakin baya sai ya fito tsakar gida yana ɗaga waya. Sai a sayo ta biyu a jona, intanet ya riƙa zuwa yana ɗaukewa, a ɗora wa kamfani laifi. Sau da yawa matsalar a saiti take.

Babban kuskure shi ne barin rautocin biyu suna rabon adireshi. Kowace rauta tana zuwa da DHCP a kunne, wato sashen da ke ba kowace waya da kwamfuta lambarta. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Idan ka jawo kebul daga tsohuwar ka sa a ramin LAN (ramin jona na'urorin gida) na sabuwar alhali DHCP ɗinta na aiki, wata wayar za ta karɓi lamba daga wadda ba ta da hanyar fita zuwa intanet. Alamar Wi-Fi a cike, amma ko saƙon WhatsApp ba ya tafiya. Idan kuma a ramin WAN (ramin da intanet ke shigowa) ka sa, intanet zai zo, sai dai gidan ya rabu biyu: kwamfutar falo ba za ta ga firintar da ke kan sabuwar ba. Ni abin da nake ba da shawara, nemi Access Point a cikin saitin sabuwar ka zaɓa, wato tsarin da zai sa ta yaɗa Wi-Fi kawai ta bar wa tsohuwar rabon lamba. In babu, kashe DHCP na sabuwar, sa kebul a LAN, bar WAN haka nan.

Kafin ka kashe DHCP, duba adireshin sabuwar. Rautoci da yawa suna zuwa da 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, kuma biyu ba sa zama a lamba ɗaya. Idan tsohuwar 192.168.1.1 ce, mayar da sabuwar 192.168.1.2, ka tabbatar tsohuwar ba ta raba wannan lambar ga wata na'ura. Rubuta ta a takarda ka liƙa a ƙarƙashin rautar, don bayan wata shida ba za ka tuna ba.

Sai wurin ajiya. Bayan talabijin ko cikin durowa ba wurinta ba ne. Ɗora ta sama, a fili, kusa da ɗakunan da ke kuka. Kebul ɗin da zai haɗa su, irin Cat5e, yana kaiwa mita 100, don haka nisa ba uzuri ba ne. A saitin zangon Wi-Fi na 2.4 GHz, sa rauta ɗaya a tasha (channel) ta 1, ɗayar a ta 6 ko 11, kada su riƙa danne juna.

Akwai kuma wanda ya fi damuna: barin "admin" a matsayin kalmar shiga saiti. Duk yaron da ya hau Wi-Fi ɗinka zai iya shiga ya sauya komai. Canza ta tun ranar farko, zaɓi tsarin tsaron Wi-Fi na WPA2 ko WPA3, sannan ka kashe WPS, wato hanyar hawa Wi-Fi ba tare da rubuta kalmar sirri ba.