Yadda na samu bakwainiyata ta fara ƙara nauyi

Kilo 1.7 gare ta ranar da aka sallamo mu daga asibiti. Da ta kama nono, tsotsa uku sai barci ya kwashe ta. Kwana biyar ma'auni bai motsa ba.

Na ɗauka ruwan nono ne babu, na yi ta shan kunun kanwa. Ashe nono na nan, ƙarfin ja ne ba ta da shi. Na gwada bulumboti, sai ƙwarewa take yi.

Wata nas ce ta nuna mini hanya. In wanke hannu da sabulu, in tatse nonon a ƙaramin kofi da na tafasa. In zaunar da ita a cinyata, kanta a tallafe, in karkata kofin har nonon ya taɓa leɓenta. Ba a tsiyaya mata, ita ke lasa da kanta. Duk awa biyu, har da dare, ko tana barci sai na tashe ta. Tsakanin sha kuma in goya ta a ƙirji, fata da fata, hula a kanta, in ɗaure da zane.

Yanzu tana jiƙa kunzugu shida zuwa bakwai kullum, ranar awo ta kai kilo 2. Alhamdu lillahi, Allah ya saka wa nas ɗin nan da alheri.