Yadda na shawo kan A320 da ya ƙi nuna mini hanya

Na saba da jirgin A320 mai sauƙi na Microsoft Flight Simulator, wasan tuƙin jirgi a kwamfuta: ka danna Ctrl+E, injuna su tashi, sai sama. Da na sauke na FlyByWire, wanda kyauta ne amma yana kwaikwayon jirgin gaske, sai na yi turus. Na ajiye shi a filin jirgin Damagaram, na kunna batir da APU (ƙaramin injin da ke ba jirgi wuta), allunan gabana suka kawo jan rubutu, babu taswira. Kwana 2 ina zargin tsohuwar kwamfutata, har ƙanena ya ce, "Yaya, ko zafin garin nan ne ya dafa ta?"

Ashe laifina ne. A saman kan matuƙi akwai maɓallai guda 3 na ADIRS, na'urar da ke gane inda jirgi yake, dole a murɗa su zuwa NAV. Sannan a shafin INIT na MCDU, kwamfutar da ake shigar wa jirgi hanya, na rubuta DRZR/DRRN, wato Zinder zuwa Yamai. Sai haƙuri: kar jirgin ya motsa ko kaɗan sai na'urar ta gane inda take a doron ƙasa. Kafin shayina ya nuna, taswira ta fito.

Mai gaggawa yana iya rage jiran daga saitin kwamfutar hannun matuƙi. Ni dai na bar shi yadda yake.