Yadda manomi a Amurka ke shiga shirin CRP ya karɓi kuɗin hutar da gona

Tun bayan dokar noma ta 1985 gwamnatin Amurka ke biyan manoma don su janye garma daga filin da zaizaya ke ci, su rufe shi da ciyawa ko itatuwa. Sunan shirin CRP (Conservation Reserve Program, wato shirin hutar da gona don kiyaye ƙasa), kuma hukumar FSA ta ma'aikatar noma ce ke gudanar da shi ta ofisoshinta na gundumomi. Yarjejeniyar ta shekara 10 ce zuwa 15, saboda haka lissafi kafin sa hannu ake yin sa.

Ka fara da ofishin FSA na gundumarku, riƙe da takardar mallakar fili ko ta haya, a ba gonar lamba in ba ta da ita. Za ka cike fom AD-1026, na alkawarin kiyaye ƙasa mai zaizaya da fadama, da CCC-941, na shaidar cewa matsakaicin kuɗin shigarka bai haura dala 900,000 a shekara ba. Dole filin ya yi aƙalla wata 12 a hannunka, kuma an noma shi shekara huɗu cikin shidan da doka ta ayyana.

Manyan ƙofofin shiga ga filin noma biyu ne. Babbar rajista lokaci-lokaci ake buɗe ta, kuma gasa ce: ana ba kowane tayi maki bisa tsananin zaizaya, amfanin filin ga ruwa da namun daji, da kuɗin da mai shi ya nema. Cakuɗa ciyayin asalin yankin da furanni na ƙara maki, haka ma rage kuɗin da mai fili ke nema. Ɗaya ƙofar babu gasa, ta ƙananan wurare ce irin zirin ciyawa a bakin rafi ko hanyar da ruwa ke bi a tsakiyar gona. Mai ƙasa mai albarka gara ya bi ta nan, ya ba da gefen da ke wahalar da shi, ya ci gaba da noma sauran.

Kuɗin kowace eka ya dogara ne da matsakaicin kuɗin hayar gona a gundumar da kuma ƙarfin ƙasar filin. Dokar noma ta 2018 ta tsayar da shi a kashi 85 cikin 100 na wannan matsakaicin ga babbar rajista, kashi 90 ga ɗayar. Ana biya sau ɗaya a shekara, daga watan Oktoba, kuma mutum ɗaya ba ya wuce dala 50,000. Gwamnati na ɗaukar har rabin kuɗin shuka, amma sai an gama aiki an kai rasit.

Bayan sa hannu ne akasari ake yin tuntuɓe. Irin ciyawar da ma'aikatan NRCS, hukumar kiyaye ƙasa da ruwa ta ma'aikatar noma, suka rubuta a tsarin filin shi za a shuka, ba wanda ya fi araha ba. A adana takardar da ke jikin buhun iri, domin ita ce shaida. Ba a yankan ciyawa lokacin da tsuntsaye ke kwanci, kuma ranakun sun bambanta daga jiha zuwa jiha. Kiwo ko yankan harawa sai da izinin ofis, ko da fari ya tsananta. Barin mugayen ciyayi su mamaye fili ma saɓa yarjejeniya ne.

Wanda farashin masara ya ruɗe shi ya koma noman filin kafin wa'adi, zai mayar da duk abin da ya karɓa da kuɗin ruwa, ga tara ta kashi 25 cikin 100 na kuɗin shekara guda. Haka in aka sayar da gonar, mai saye ya ƙi ɗaukar yarjejeniyar, bashin kan mai sayarwa yake komawa, shi ya sa ake rubuta wannan sharaɗi a takardar ciniki.