Yadda na gyara ɓawon kazar sanwici da ke saɓewa a mai

Matsala biyu ce: fulawar na zubewa cikin kasko, tsokar kuma waje ya ƙone ciki da saura. Dalilin na farko ruwa ne a jikin naman, na biyu kauri da zafin mai.

Tsokar ƙirjin kazar gidan gona za a saya. Kazar Hausa ta yi tauri, ta farfesu ce. A raba tsokar gida biyu a kwance, a bubbuga da muciya har kaurin ya dawo kamar santimita 1.5. A jiƙa ta awa 4 a firji cikin kindirmo kofi 1, da gishiri, tafarnuwa, citta da garin barkono cokali 1. Tsamin kindirmon ne ke tausasa ta.

Gyaran yana nan: a tsame, a bari ya ɗige, a danna cikin fulawa kofi 1 da kwanfulawa (garin sitacin masara) rabin kofi da barkono, sannan a ajiye minti 10 kafin suya. Hutun nan ne ke sa garin ya kama jikin naman.

Mai ya kai digiri 170. In an jefa ɗan gari ya taso nan take, ya yi. Yanka biyu kawai a lokaci guda, minti 4 kowane gefe. A tsane a kan raga, don takarda na jiƙa ƙasan.

A gasa burodin da bota, a shafa mayonis da aka dama da jajjagen attarugu, a sa kabeji da kokwamba.